Hutun kwana huɗu a Ikko: inda za ka sauka da inda za ka leƙa

Mutumin Birnin Kebbi ko Jega da ya ƙudiri kai iyali hutu Legas yakan fara da tambayar inda ake samun otal mai araha. Wannan tambayar ta biyu ce. Ta farko ita ce wuraren da kake son gani, domin a Ikko hanya ta fi ɗaki cin kuɗi. Ruwa ya raba garin gida biyu: ɓangaren tudu, inda Agege, Ikeja, Yaba da Surulere suke, da ɓangaren tsibiri, wanda ya haɗa da tsohon garin Legas, Ikoyi, Victoria Island, har ya miƙa Lekki. Gadoji uku ne manya ke haɗa su, Carter, Eko da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8. Da safe jama'a na kwarara zuwa tsibiri wurin aiki, da yamma su juyo. Kusan duk abin da baƙo ke son gani yana tsibiri, otal masu sauƙin kuɗi kuma suna tudu. Wanda bai yi wannan lissafin ba, rabin hutunsa a kan gada zai ƙare, yara na kuka a bayan mota.

Mutanenmu sun fi son Agege, kuma da dalili. Akwai 'yan uwa, akwai masallatai, akwai tuwo da mai shayi, Hausa za ka ji ko'ina. Ga ɗan kasuwar da ya biyo motar albasa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12, wannan ya wadatar. Amma mai yawon buɗe ido da ya sauka can ya ɗora wa kansa doguwar tafiya kullum, zuwa da dawowa. A ganinmu Yaba, Ebute Metta da Surulere sun fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Suna bakin gadojin, farashinsu bai kai na Victoria Island ko Lekki ba, kuma idan an fita a kan lokaci tsallakawa ba ta da wuya. Ikeja ta fi dacewa da wanda ya zo ta jirgin sama ko zai tashi da sassafe. Agege kuwa a ware mata yammaci guda, a je a gaisa da dangi, a ci kilishi, a dawo. Jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Yaba da Agege, sai dai a duba lokutan tashinsa tun kafin a fito.

Kada ka biya kuɗin kwana huɗu tun kana gida. Hotunan da ake sakawa a intanet sau da yawa na ranar da aka buɗe otal ɗin ne, fenti bai ko bushe ba. Idan za ka karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka, tsallake masu yabo ka nemi na masu ƙorafi, ka kuma duba kwanan wata. Ƙorafin wata uku da suka wuce a kan ruwa ko janareta ya fi yabon shekara uku amfani. Kira lambar otal ɗin da kanka. Idan aka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum maimakon asusun da ke ɗauke da sunan otal ɗin, ka dakata. Mafi kyau, in kana da ɗan uwa a garin, ka roƙe shi ya leƙa: "Kawu, don Allah in ka samu sarari ka duba mana ɗakin, ka buɗe famfo ka gani." Biya kwana ɗaya tukuna, ka karɓi rasit, ka ƙara sauran idan dare na farko ya yi kyau.

Tambayi farashi na ƙarshe, wato har da haraji. Akwai VAT na kashi 7.5, akwai kuma harajin jihar Legas na kashi 5 a kan ɗakin otal da abinci. A ce an faɗa maka ₦20,000. Idan ba a haɗa su ba, ₦22,500 za ka biya, kwana huɗu kuwa bambancin ya kai ₦10,000. Wasu wuraren suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarna, a mayar maka ranar tafiya. A rubuta shi a rasit. Yawancin otal ƙarfe 12 na rana ake barin ɗaki, wanda ya zarce sai a caje shi ƙari.

Kafin ka ajiye jaka, ba ɗakin minti biyar. Fara da hanci. Zafin Kebbi busasshe ne, na Legas mai laima ne, kuma ɗakin da iska ba ta ratsa shi yana da wani warin danshi da turare ba ya kashewa. Idan ka ji shi, dubi kusurwar rufi da bayan labule, za ka ga baƙin tabo. Mai asma ko jariri kada ya kwana nan. Ɗaga zanin gado ka haska ɗinkin katifa da fitilar waya. Ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe alamar kuɗin cizo ce. Buɗe famfo ka bar shi ya zuba na minti ɗaya ka ga launin ruwan, domin rijiyar burtsatse a wasu unguwannin tana ba da ruwa ja-ja mai ƙarnin ƙarfe. Ja ruwan masai ka tabbata yana tafiya. Kunna esi ka sa hannu a gabansa, wani ƙara kawai yake yi. Rufe ƙofa ka gwada sakata ta ciki.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ainihin abin da ke raba otal mai araha na kirki da na wahala. "Muna da janareta" ba amsa ba ce. Tambayi ƙarfe nawa ake kunnawa, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma ko yana ɗaukar esi ko fanka kawai. Wurare da yawa sukan kashe shi da rana, su kunna da magariba. Ga wanda zai wuni a waje wannan ba matsala, har ma shi ya sa ɗakin ya yi sauƙi. Amma idan uwargida da ƙananan yara za su zauna a ɗaki da rana, araha ba ta ado. Ka kuma guji ɗakin da tagarsa ke kallon janareta, saboda ƙara da hayaƙi.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa. Otal masu sauƙin kuɗi da yawa daga mashaya da kiɗan dare suke samun ribarsu, wasu kuma ba da ɗaki na awa-awa ne sana'arsu. Da rana tsit za ka same su, ranar Juma'a da Asabar da dare kuwa bango har rawa yake yi. Tambaya kai tsaye ko akwai mashaya ko wurin rawa a harabar, ka nemi ɗaki a sama, nesa da ita. Ka zo da butarka da sallaya, don ba kowane banɗaki ke da su ba. Alƙibla daga Legas arewa maso gabas take, manhajar waya za ta daidaita maka.

Wuraren gani kuwa a haɗa su bisa kusanci, rana ɗaya yanki ɗaya. Ranar farko ta tsohon gari ce. Fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957. Akwai kayan Nok da na Benin, amma abin da ke tsayar da ɗan Arewa shi ne baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da hujojin harsashi a jikinta. Yaron da ya saba ganin Murtala a takardar ₦20 zai daɗe a gabanta. Wanda ya taɓa shiga gidan tarihin Kanta a Argungu ya san tsarin irin wuraren nan: a tambaya kafin a ɗauki hoto. Daga nan da ƙafa za ka isa Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Gaba kaɗan, a titin Broad, akwai Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010; akwai inuwa da wurin zama, nan ya kamata yara su huta. Azahar a yi ta a Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, sannan a leƙa Masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda aka buɗe a 1894 da ginin salon Birazil. Kasuwar Balogun na nan kusa. In za a shiga, a riƙe hannun yara gam, waya ta koma aljihun gaba, kuma a fito kafin la'asar, tun gada ba ta cika ba.

Rana ta biyu Lekki. Lekki Conservation Centre daji ne mai faɗin hekta 78 da aka keɓe a 1990, yana da gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke bi ta saman itatuwa. A je da safe, a sa takalmi mai rufi, a kira tukuna a ji ƙa'idar shekarun yaran da ake bari su hau. Idan ana ruwan sama ba a hawa. Biran wurin sun saba da mutane ƙwarai, leda a hannu gayyata ce, kafin ka ankara biskit ya tafi. A hanyar dawowa a tsaya Nike Art Gallery, gidan baje kolin zane-zane, awa ɗaya ta isa.

Teku fa? Dattawan da suka san Legas a da za su ce a kai su Bar Beach, to an cike wurin da yashi, a nan ake gina sabon birnin Eko Atlantic. Bakin tekun da suka rage galibi na kuɗi ne, kuma da yamma kiɗa da shaye-shaye sun yi yawa, don haka mai iyali ya je da hantsi a ranar aiki. Ko da kai gwanin iyo ne a Matan Fada ko a kogin Kwara a Yauri, kada ka shiga ya wuce gwiwa. Igiyar tekun Atlantika tana da ja ta ƙasa, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa idan za ta koma.

Badagry, mai gidan bene na 1845 da wuraren tarihin cinikin bayi, wuni guda cur take ci. Idan kwana huɗu gare ka har da ranar isowa da ta komawa, bar ta sai wani zuwan.

Wajen zirga-zirga, kada ka dogara da kabu-kabu kamar a gida, tun 2022 aka hana su aiki a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Lagos Island da Eti-Osa. Sayi katin Cowry, da shi ake hawa bas ɗin BRT da jirgin ƙasa. Blue Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, yana tashi daga Marina zuwa Mile 2 ta saman ruwa, yana wuce National Theatre, hawan jirgin kansa abin kallo ne a kuɗi kaɗan. Motocin Bolt da Uber sun fi sauƙi ga mai iyali, sai dai farashinsu na tashi lokacin cunkoso da lokacin ruwa. Danfo kuwa, wato ƙaramar bas ɗin haya, a shige ta a tasha kawai, ban da wadda ta tsaya a gefen titi da dare tana kiran saura mutum ɗaya. Lokacin tsallaka gada shi ne dai bayan sallar asuba kafin ƙarfe 6, ko kuma bayan ƙarfe 10 na safe.

Watan tafiya ma yana canza lissafi. A Disamba otal kan yi tsada saboda masu dawowa gida daga ƙasashen waje, Yuni da Yuli kuma ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, titunan Lekki na cika. Agusta ruwan yakan ɗan tsagaita, ga shi ya dace da dogon hutun makaranta. Masu zuwa ta mota, ta Koko, Yauri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilorin da Ibadan, su sani cewa lokacin isa ba ya hannun kowa. A gaya wa otal tun da wuri cewa za a iya isowa cikin dare, a tambaya ko ana rufe ƙofar harabar, a kuma karɓi lambar wanda ke aikin dare.