Godiya daga Salbado, bayan an sallamo Baban yara

Alhamdulillahi. Jiya aka sallamo Baban yara daga asibiti. Ya ci abinci, ya yi sallar magariba a tsaye. Likita ya ce huhun ya washe, amma kada ya hau jirgi sai an sake duba shi. Duk kun san yadda ya kusa nutsewa a teku a nan birnin Salbado na ƙasar Barazil, ni kuma ba ni da ƙarfin maimaitawa.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Sa'ad da masu ceto suka fito da shi kan yashi kusa da hasumiyar Barra, garin bai fasa komai ba. Samari na ta buga ƙwallo, mai kwakwa na ta talla, kiɗa na tashi ta ko'ina. Kwana ɗaya kafin nan wannan hayaniyar ce ta sa na ce ban taɓa ganin gari mai rai irin Salbado ba, bayan mun sha ganguna a tsohuwar unguwar Pelourinho mun sauka ƙasan gari ta lif ɗin Lacerda. Ranar kuwa sai na ji na tsane ta. Ga ni da yara biyu, ba na jin Fotugis ko kaɗan, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Wata dattijuwa mai ƙosai ce ta bar kaskonta a kan wuta ta nufo mu. Irin matan nan ne masu farar riga da ɗankwali, ƙosan ma irin namu ne na wake, sai dai su da manja suke soyawa. Ta juyar da fuskokin yaran don kada su ga ana danna ƙirjin ubansu, ta zaunar da ni a kujerarta, ta riƙe hannuna gam. Ita ta sa aka kira 192, lambar motar asibiti. Ita ta tsinto mayafina ta yafa mini, ni ban ma san ya faɗi ba. Da na koma da kuɗi ta ture hannuna, har da harara. Baba, ba za ki iya karanta wannan ba, amma Allah Ya saka miki, Ya sa wa sana'arki albarka, Ya tsare miki zuri'a.

Ina gode wa masu ceto da ma'aikatan asibitin. A Barazil asibitin gwamnati kyauta ne har ga baƙo, ko kwabo ba a nema a wurinmu ba. 'Yan'uwa Musulmi na masallacin garin sun yi ta zirga-zirga da abinci. Ɗayansu ne ya ce wa Baban yara ba shi ne Bahaushen farko a wannan jiha ta Bahiya ba: an kawo Hausawa nan a zamanin cinikin bayi, sun shirya bore a 1807, Musulmin garin kuma suka tashi a azumin 1835. Ranar ce ya fara dariya.

Yaya Babba, na san ba ka son a faɗa, amma kai ka biya kuɗin ɗage tikiti. Gwaggo, saukar Alƙur'anin da kika sa aka yi ta iso mu. Allah Ya biya ku da gidan Aljanna, Ya raba ku da ganin rana irin wannan, Ya jiƙan iyayenmu. Waɗanda suka ga saƙona tun daren farko kuma har yau ko sannu babu, su ma na gode, wataƙila hidima ce ta yi yawa.

Masu son kira, Najeriya ta riga nan da awa 4. Don Allah ku bari sai bayan azaharku, barci yake bukata.