Fayil ya isa, amma wayam

'Yan'uwa, alhamdu lillahi. Jiya da daddare kwafin saitin suwic ɗina (akwatin da ke haɗa kwamfutoci a netwok) ya sauka cikakke a uwar garken da ke nesa. Dare uku abin nan ya ci mini, kuma ashe na'urar ba ta da laifin komai.

Tsohuwar suwic ce ta kamfanin Cisco, Catalyst 2960, nake koyo da ita. A cikin gida, umarnin copy running-config tftp:, mai tura kwafin saiti ta TFTP (wata sauƙaƙƙiyar hanyar aika fayil), bai taɓa ba ni ciwon kai ba, alamun motsin rai su jeru a allo, shi ke nan. Amma ajiyar da ke ɗaki ɗaya da na'urar ai ba ajiya ba ce, gobarar da ta ci wannan ba za ta bar wancan ba. Sai na juya ajiyar zuwa uwar garken waje.

Tuntuɓen farko mai sauƙi ne: tftpd-hpa, manhajar TFTP da ke kan uwar garke, ba ya ƙirƙirar sabon fayil sai an sa masa --create. Na sa. Daga nan aka shiga daji.

Suwic ta tsaya cak, can ta ce lokaci ya ƙure. Na yi ping don gwada hanya, yana zuwa yana dawowa lafiya lau. Na leƙa uwar garke, ga fayil nan da sunansa da lokacinsa, girmansa sifili. Sifili fa! Na ɗora wa izinin fayil laifi, na buɗe shi ga kowa da kowa. Na sa ip tftp source-interface. Na sake girka manhajar har sau biyu, don dai haushi. Duk a banza.

Sai a dare na uku na yi abin da ya kamata in fara da shi, na kunna tcpdump, manhajar da ke nuna duk abin da ke wucewa ta netwok. Buƙatar rubutu tana shiga ta ƙofar UDP 69 daidai, uwar garke ta buɗe fayil, sannan ta amsa, amma ba ta 69 ba. Sabuwar ƙofa take zaɓa, mai lamba can sama da dubu hamsin, haka TFTP yake tun asali. Katangar tsaron da ke ɓangarena ta ga baƙon da ba ta aika a kira ba, ta yar da shi. Ina kallon amsar nan ana ta maimaita ta, babu mai karɓa. Na ɗora wa katangar nf_conntrack_tftp da nf_nat_tftp, mataimakan da ke sa ta gane amsar TFTP, na rubuta wa TFTP ƙa'idarsa da hannu, tunda daga kanel 4.7 Linux ya daina haɗa su da kansa. Nan take fayil ya cika. Sai da na miƙe tsaye.

Murnar ba ta daɗe ba. A allon tcpdump ɗin nan nake karanta saitina tsirara, har da kalmar SNMP, wadda ake sa ido kan suwic da ita daga nesa, da kalmomin sirri nau'i na 7, waɗanda warware su ba ya ɗaukar minti ɗaya. Haka suka ratsa intanet. Na canza su duka kafin in kwanta, na koma SCP, mai ɓoye abin da yake aikawa, a kan TCP 22, ƙofa ɗaya tak.

Yanzu archive, tsarin ajiyar kwafi da ke cikin suwic, ke aikin: write-memory na tura kwafi duk sanda na adana, time-period 1440 (mintoci) kuma sau ɗaya a rana. Ku tuna vlan.dat, fayil ɗin da ke riƙe rabe-raben netwok (VLAN), zaman kansa yake a flash, shi da hannu na kwafe.

Saura gwajin maidowa. Na rubuta write erase, umarnin share ajiyayyen saiti, sau biyu yau, na goge rubutun, hannuna ya ƙi danna Enter.