Faifan YBCO: fuska da gefe ba ɗaya ba ne

’Yan uwa masu sha’awar gwajin kimiyya a gida, faifan YBCO ɗina ya fara aiki. YBCO wani haɗi ne na sinadaran itiriyam, bariyam, tagulla da oksijin. Baƙi ne kamar gawayi. Ruwan naitirojin kuwa na samo shi a filas daga wajen masu adana maniyyin shanu. Sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifili, shi kuwa YBCO tun daga wajen 181 ƙasa da sifili yake zama sufakondakta, wato lantarki ya bi ta cikinsa ba tare da wata turjiya ba. Abin da ya sa duniya ta ɗauka ke nan da aka gano shi a 1987.

Na bar shi cikin ruwan har tafasar ta lafa, sannan na kawo ƙaramin maganaɗisun niyodimiyam (irin mai ƙarfi sosai) da hantsakin roba. Ta saman fuskar faifan, sai ka ji yana ture hannunka. Ka danna ka saki, ya tsaya cak a iska. Na juyo ta gefe, turin ya yi rauni sosai.

Kiristal ɗin hawa-hawa ne, shimfiɗun tagulla da oksijin ɗaya bisa ɗaya, kuma a irin faifaina, wanda aka narkar aka bari ya daskare a hankali, kwance suke daidai da fuskar. Lantarki yana gudu cikin shimfiɗa, amma tsallakawa daga wannan zuwa waccan da ƙyar. Idan maganaɗisu ya zo ta sama, lantarkin da ke tare shi yana kewayawa cikin shimfiɗun. Ta gefe kuwa dole ya yi tsallake.

Amma a kula: ɓangaren da ya fi ɗaga maganaɗisu ba shi ne ya fi juriya ba. A matsanancin sanyi, kimanin Tesla 120 (Tesla ma’aunin ƙarfin maganaɗisu ne) ke kashe sufakondaktan idan ƙarfin ya soki shimfiɗun ta sama, amma sai wajen 250 idan ya bi tsawonsu. Maganaɗisunmu na gida ko Tesla ɗaya bai kai a fuskarsa ba, saboda haka wannan sai manyan ɗakunan gwaji.

Sirantar gefen faifan ma tana rage turin, don haka gaba zan nemi gutsure mai kusurwa daidai ta ko’ina, in ɗora maganaɗisun bisa sikelin kicin in auna. Kowa ya shanya nasa bayan gwaji, danshi yana cin YBCO.