Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar mahaifinmu

Alhamdulillahi, an sallamo Baba, yana gida, wurin yankan ya fara kamewa, sukarinsa kuma ya sauko inda likitoci suke so. Kun bi mu tun daga ɗan ciwon da ya fito a ƙarƙashin babban yatsansa har zuwa ranar da aka yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, saboda haka ba sai na maimaita ba, gajiyar da ke jikinmu ma ba za ta bari ba. Godiya ce ta kawo ni, a madadin mahaifiyarmu da ƙannena.

Zan fara da likitan da ya yi tiyatar. A daren da aka kawo takardar sa hannu, na riƙe biro hannuna yana rawa, na kasa rubuta sunana. Bai gaggauta ni ba. Ya jawo kujera ya zauna daidai fuskar Baba, ya bayyana masa cewa ciwon sukari na shekaru ya kashe jijiyoyin ƙafar, shi ya sa gyambon ya yi ta ci bai ji zafi ba, hanyoyin jini kuma sun tsuke har magani ba ya isa wurin, ruɓewar ta kai ƙashi, idan ta shiga jini kuwa maganar rai ake yi. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa ya bar gwiwa, domin wanda ke da gwiwarsa ya fi saurin koyon tafiya da ƙafar roba. Baba ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Likita, zan sake yin sujada?" Likitan bai yi masa alkawarin da ba ya hannunsa ba, sai ya kama hannunsa ya ce, "Baba, mu ceci ran tukuna, sauran za mu bi shi a hankali tare." Baba da kansa ya ce da ni, "Sa hannu." Allah Ya saka wa wannan bawa nasa da alheri, Ya jiƙan iyayensa, Ya sa aikin hannunsa ya zame masa haske ranar gobe.

Haka ma'aikaciyar jinyar da ke kwanan dare. Lokacin da Baba ya farka yana cewa yatsun da aka cire suna yi masa zugi, mun tsorata, mun ɗauka ruɗewa ce, ita ce ta kwantar mana da hankali cewa yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka, kuma akwai maganinsa. Allah Ya ba ta zuriya mai jin ƙanta.

Ƙanin mahaifiyarmu ya roƙe ni kada in ambace shi, amma Kawu, ka yi haƙuri, ba zan iya ɓoye wanda ya ba da jininsa kuma ya kwana a benci ba. Maƙwabcinmu da ya mayar da motarsa tamu, abokan aikina da suka ɗauke mini nauyi, da waɗanda suka aiko da taimako ba su bar suna ba, Allah Ya san ku, Ya biya muku buƙatunku, Ya tsare ku daga ganin irin wannan rana. Akwai 'yan'uwa na jini da Baba ya riƙa duban ƙofa yana tambayarsu, mun yi musu uzuri, har yanzu kuma ƙofar a buɗe take.

Ga masu ciwon sukari a cikinku ina da roƙo, domin an kiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na irin wannan yanka daga gyambon ƙafa yake farawa. Ku duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, ko da madubi ne, kada ku yi tafiya babu takalmi, ku lalubi cikin takalmi kafin ku sa, kada ku yanke kantar ƙafa da reza, kuma ko ƙaramin ciwo ne ku kai shi asibiti ba tare da jira ba. Mu ma yanzu haka muke lura da ƙafar dama, domin an gargaɗe mu cewa tana cikin haɗari.

Baba ya fara atisaye da sanduna, za a auna masa ƙafar roba idan kumburin ya saɓe. Masu son zuwa dubiya su zo da yamma, saboda da safe ake wanke ciwon. Muna roƙon ku ci gaba da sa shi a addu'a, Allah Ya ƙara masa lafiya da haƙuri, Ya sa kaffara ce, amin.