Rinin kanti a kan tsohon lalle: abin da ya sami gashina a Legas

Lalle ba ya barin gashi. A tafin hannu yana goguwa don fata tana sabuntawa, amma wanda ya kama gashi yana nan daram har sai sabo ya tsiro ya tura shi ƙasa an yanke. Da bakina na faɗa wa mai gyaran gashin nan a wani shago da ke wajen Ikeja cewa na daɗe ina ƙunsa lalle a kai, tun ba ta kwance min kitso ba. Ta yi murmushi ta ce, "Alhaja, ba matsala, kullum muna yi." Har yau in na tuna wannan "ba matsala" sai raina ya ɓaci.

Abin da ya kai ni furfura ce, wadda ta taru a gaban goshi, daidai inda ɗaurin ɗankwali yake bari a waje, ga kuma bikin ƙanwata ya matso. Lalle zalla yana mayar da furfura ja bau, ni kuma wankan tarwaɗa ce, jan yana sa fuskata ta yi kamar na wuni a rana. Baƙi wuluk kuwa ban so shi ba. Yana fito da duk wani layi da shekaru suka ja a fuska, sannan mun taso muna jin hadisin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, da aka ce a sauya masa launin furfura ranar buɗe Makka amma a nisanci baƙi. Malamai sun yi saɓani a kai, ni dai na zaɓi in kauce.

Wajen zaɓen launi na yi abin da har gobe nake alfahari da shi. Hoton jikin kwalin rini ban kula shi ba, domin ba a kan irin gashinmu aka ɗauke shi ba. Dabarar duba jijiyar hannu da ake yaɗawa a intanet, wai kore ce ko shuɗiya, ita ma ba ta aiki sosai a fatarmu. Sai na shiga kasuwar Balogun, layin masu gashin doki. Ba na ƙarin gashi, amma a wurinsu ne launi yake rataye a fili, kowanne da lambarsa: 1B, 2, 4, 27, 30, 33, 99J. Na roƙi yarinyar shagon ta bar ni in fito da ɗauri-ɗauri bakin ƙofa, inda hasken rana yake, na riƙa kara su a gefen kumatu ɗaya bayan ɗaya ina duba ƙaramin madubin jaka, yadda muke kara gyale kafin mu biya. Lamba 27 mai ruwan zuma ta kusa sajewa da fatata, fuskar ta koɗe kamar wadda ta tashi daga jinya. 99J mai ruwan zoɓo ta yi min nauyi, alhali yarinyar shagon, baƙa mai sheƙi, da ta kara a nata kumatun sai da na ce masha Allah. Da na kara 33 kusa da 4 na ga abin da nake nema: ruwan ƙasa mai duhu, da ɗan ja da ba ya fitowa sai haske ya doke shi. Fuskata ta yi fes.

Wadda take shafa man ƙara haske, ta kara a wuya ba a kumatu ba. Fuska tana iya fin wuya haske nesa ba kusa ba, kuma launin da ya dace da fuskar kaɗai zai tona bambancin.

To, launi dai na zaɓe shi daidai. A hannun mai shago komai ya lalace. Ta ce gashina ya yi duhu, sai an ɗaga shi kafin launin ya fito. Ta kwaɓa farar hodar nan ta ɗaga launi da ruwanta mai lamba 40, wato mafi ƙarfi cikin huɗun da aka saba gani, 10, 20, 30 da 40, kashi 12 cikin ɗari na sinadarin haidirojin feroksayid. Ta laɓta min, ta rufe da hular leda, ta koma kan wata. Ba a jima ba na ji kaina ya ɗauki zafi, ba ƙaiƙayi ba, zafi sosai har cikin ledar tana gumi. Na kira ta, ta ce alamar yana aiki ke nan. Da aka wanke, gindin gashin, wato sabon tsiron da bai taɓa ganin lalle ba, ya koma ɗorawa-ɗorawa. Sauran tsawon kuwa ya zama kalar manja. Ta yi sauri ta ɗora rinin a kai don ta rufe ɓarnar, gindi ya sha da yawa, tsakiya ya ƙi sha, na fito da kai mai launi uku. Washegari ina sa mataji gashi yana biyo shi guntu-guntu, in na ja sili ɗaya jiƙaƙƙe sai ya miƙe ya tsinke ba ƙara.

Daga baya na bi diddigin dalili. Jan da ke cikin ganyen lalle yana ɗaurewa ne da jikin gashin kansa, shi ya sa hodar ɗaga launi take cinye baƙin da Allah Ya halitta ta bar jan lallen tsirara. Sannan wani lallen na cikin fakiti ana gauraya shi da gishirin ƙarfe don ya ƙara duhu, irinsa kuwa in ya haɗu da feroksayid zafi yake tayarwa ya ƙona gashi. Duk mai sana'ar da ta san aikinta ta san wannan. Ba ɓoyewa na yi ba, na faɗa mata. Yanke ɗan sili daga ƙeya ta gwada ba zai ci mata rabin awa ba.

Goggo mai kitsonmu ta nan Agege ce ta karɓe ni. Tana zare min ɗankwali ta yi salati ta ce, "'Yar nan, wa ya yi miki wannan aika-aika?" Ba ta lallashe ni ba, almakashi ta ɗauko ta rage duk inda ya mutu. Ta hana ni man miƙar da gashi, ta mayar da ni wanki da karkashi da shafa man kaɗanya, kitso kuma manya-manya marasa ɗauri. A bikin da ɗankwali har gira na wuni, ko a ɗakin amarya da mata suka sake ban cire ba.

Goggo ce ta nuna min abin da ya fi duk bayanin jikin kwali amfani. Ki tara gashin da yake maƙalewa a mataji, ki ɗaure shi da zare, duk abin da za a sa miki a kai a fara sa masa, a bar shi daidai lokacin da za a bari a kanki, a wanke, ya bushe, ki fita tsakar gida ki kara shi a kumatu. Nan za ki ga launin gaskiya a kan gashinki, da lallensa da furfurarsa, kuma ki ja shi ki ga ko zai tsinke. Wannan daban yake da gwajin fata, wanda ake ɗiga rinin a bayan kunne a jira awa 48. Kada wadda ta saba ƙunshin dayis ta raina shi, don sinadarin PPD da ke cikin baƙin ƙunshi shi ne a cikin yawancin rinin gashi mai duhu, kuma jiki yana iya ƙin sa rana ɗaya bayan ya daɗe yana karɓa, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Mai shafa man miƙar da gashi kuma ta bar aƙalla mako biyu tsakaninsa da rini.

Yanzu launin nan na tsakanin 4 da 33 a gida nake samun sa, kuma da lallen da aka ce shi ne cikas. Ina jiƙa tataccen garin lalle ya kwana, sai dab da shafawa in kwaɓa garin ganyen baba, wanda nake samowa a shagunan Indiyawa na Ilupeju, in haɗa su. Baba ba ya son jira, in ya daɗe a kwaɓe ƙarfinsa tafiya yake. In na ƙara shi launin ya yi duhu, in na rage ja ya fito, furfurar gaban goshi kuma ta zama siraran layuka masu ɗan haske da suke tafiya da fatata. Tsawon da na rasa ne bai dawo ba tukuna. Gashi kusan santimita ɗaya yake yi a wata, har yanzu na gaban bai isa a kama shi cikin shuku ba, Goggo sai dai ta yi min zane ta kwantar da shi gefe.