Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Idona Ya Koma Bayan Kyamara

A makon jiya na tsaya a ranar da na naɗe kyamarata ta fim a tsumma, na sa ta a akwati na rufe. Yau zan ba ku labarin shekarar da ta biyo baya, 2005. Ban taɓa ɗaukar hotuna masu yawa kamar na shekarar nan ba, amma idan na waiwaya, waɗanda zan iya nuna wa mutum ba tare da na sunkuyar da kai ba, ba su cika tafin hannu ba.

Wadda na ajiye Pentax K1000 ce, da ita maigidana ya koya mini aiki. Ƙarfe ce da gilashi, sai wata 'yar allura a ciki mai nuna yawan haske. Batirinta ma saboda allurar nan kaɗai aka sa shi, ko ya mutu kyamara tana nan tana aiki. Wadda ta maye gurbinta Nikon D70 ce, kyamarar dijital da ta fito a 2004, mai megafiksel 6 da ɗan allo a baya. Ɗan allon nan shi ne labarin yau.

Sai na ɗan koma baya, don wanda ya taso ya tarar da waya mai kyamara ya gane yadda muke aiki a da. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, shi ke nan. Idan ka sa fim mai ƙarfin ɗaukar haske 100, wato mai buƙatar haske da yawa, da safe saboda za ka yi aiki a rana, sai aiki ya kai ka cikin ɗaki mai duhu, to da shi za ka yi, babu sauyi sai ya ƙare. Saboda haka tun kafin ka fita daga gida ka riga ka fara tunanin haske. Maigida yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: kafin yatsa ya taɓa maɓalli, ido ya zagaya kusurwa huɗu na hoton. Ko akwai sanda da ta fito daga kan mutum? Ko ka yanke masa ƙafa? Ko wani yana leƙowa daga gefe? Ya kuma sa na haddace cewa a rana tsaka, da fim mai ƙarfin 100, ƙofar haske, wato ramin da haske yake bi ya shiga kyamara, a 16, saurin kiftawa a 125, wato kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa, ba ka buƙatar allura. Idan gajimare ya rufe rana ka buɗe ƙofa zuwa 8, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, a inuwa ka ƙara buɗewa. Yakan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A aljihuna kullum akwai ɗan littafi, kowane hoto na rubuta lambarsa da yadda na saita.

Sannan ga jira. Ka dawo ka shiga ɗakin duhu, ka naɗa fim a kan dunƙulensa da lalube, domin fim ba ya yarda ko da jan fitilar da ake wanke takarda a ƙarƙashinta. Ka auna ruwan wanke fim na D-76 zafinsa ya tsaya a digiri 20, ka ƙirga mintuna, ka girgiza, ka zubar, ka sa na tsayarwa, ka sa na kamawa, ka ɗauraye, ka rataye ya bushe. Daga lokacin da ka danna zuwa lokacin da za ka ga abin da ka yi, kwana ɗaya ne, wani lokaci uku. A tsakanin nan hoton yana cikin kanka kawai. Ban san cewa wannan riƙon a ka wata makaranta ce ba sai da na rasa shi.

Kada wani ya ɗauka zan zagi dijital. Watanni ukun farko da na yi da ita, na koyi abin da shekara goma ta kasa koya mini. Fitilar kyamara ita ce ta fi ba ni wuya a zamanin fim, domin haskenta kiftawa ɗaya ne, ba ka ganin inda inuwa ta faɗi sai bayan an wanke. Yanzu sai in juya kan fitila zuwa rufi, in danna, in gani, in juya zuwa bango, in sake gani. Kafin dare ya raba na fahimci abin da nake yi a makance tun ina yaron shago. Ga kuma ƙarfin ɗaukar haske da nake iya sauyawa daga 200 zuwa 1600 tsakanin hoto da hoto. Ga matsalar launi: fim ɗin rana idan ya shiga ƙarƙashin doguwar fitilar ofis sai fuskoki su yi kore, ƙarƙashin ƙwan fitila mai zafi su yi ja kamar garwashi. Maɓalli ɗaya ya kawar da wannan. Wanda duk ya sha wannan wahala ba zai raina sauƙin nan ba.

Akwai kuma abubuwan da sai da na sake koyo daga farko. Na sayi lens, wato gilashin gaban kyamara, mai lamba 50, saboda da irinsa na girma, ƙafafuna ma sun san nisan da zan tsaya in ɗauki mutum daga kai zuwa ƙugu ba sai na duba ba. Ashe farantin da ke karɓar haske a sabuwar kyamara ya fi fim ƙanƙanta, sai lens ɗin 50 ya riƙa nuna abu kamar na 75. Na yi makonni ina tsayawa inda na saba, in ɗaga kyamara in tarar mutum ya cika ido, in ja da baya. Haka batun fari. Nagatif, wato fim ɗin da ake buga hoto daga gare shi, yana da haƙuri da yawan haske, shi ya sa aka koya mana mu auna daga inuwa, farin zai kula da kansa. Dijital akasin haka take. Idan fari ya ƙone, ya tafi, babu zare ɗaya da za ka dawo da shi a kwamfuta. Na ɓata fararen tufafi da dama kafin in koyi karanta ɗan zanen nan mai kama da tsaunuka da ake kira histogiram, in gane cewa idan tsaunin ya manne da bangon dama, aiki ya lalace.

Waɗannan duk ana koyonsu. Abin da ya shige ni ban sani ba shi ne ɗabi'a. Sannu a hankali na daina duba kusurwa huɗu. Me ya sa zan duba, bayan zan gani a allo nan take? Na daina auna haske da ido, sai in danna ɗaya na gwaji in gyara. Littafin aljihu ya koma cikin aljihun tebur, tunda kyamara da kanta tana rubuta komai. Aikin da nake gamawa da fim biyu ya zama hoto ɗari biyar, ɗari shida, in dawo in kwana a gaban kwamfuta ina tace goma masu kama da juna, ina neman wanda ya fi. Kaina ya koyi wani motsi: danna, sunkuya, danna, sunkuya.

Wata rana wasu iyali suka kira ni in ɗauki mahaifiyarsu, tsohuwa ce sosai, da ƙaramar jikarta. Na zaunar da ita kusa da taga, hasken yana zubo mata ta gefe ɗaya, irin hasken da mai hoto yake roƙo. Ta zauna ƙiƙam kamar yadda tsofaffi suke yi a gaban kyamara, ta haɗe baki. Na ce, "Mama, a ɗan saki fuska." Ta ɗan motsa leɓe. Na yi ta dannawa ina dubawa, ina rage haske, ina ƙarawa. Ina cikin sunkuyen nan, ina ƙara girman hoto a allo don in ga ko idonta ya fito sarai, sai na ji ɗakin ya ɗauki dariya. Na ɗago. Yarinyar ce ta kama kumatun kakarta da hannu biyu ta manna goshinta da nata, tsohuwa ta tuntsire da dariya har idonta ya rufe. Kafin in kai kyamara ido, yarinya ta zame ta sauka, Mama ta gyara mayafi ta koma yadda take.

Da na kai musu hotuna, babbar 'yarta ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, ina wanda take dariya?"

Na ce ban samu ba.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Rabon da mu ga ta yi irin wannan dariya tun rasuwar Baba." Ta tattara hotuna ta yi mini godiya. Hoto fiye da ɗari biyu na ɗauka a ɗakin nan, kowanne haskensa daidai, launinsa daidai. Da K1000 ce a hannuna, babu abin da zan duba a bayanta sai baƙin murfi, idona yana kan Mama, yatsana yana jira.

Washegari na tafi wurin maigida. A lokacin ya manyanta, ya bar aiki, yana zaune a bakin ƙofa. Na ba shi labari duka. Bai ce komai a kai ba, sai ya nuna wani bango da rana ta raba biyu, ya ce, "Ɗana, fim mai ƙarfin 400, mutum yana tsaye a gefen inuwar can. Nawa za ka sa?"

Hannuna ya tafi kan jaka da kansa.

"Bar ta," in ji shi. "Da baki za ka faɗa mini."

Na tsaya ina kallon bangon. Tambayar da nake amsawa kafin ya rufe baki ina ɗan shekara goma sha tara, sai ga ni ina inda-inda. Na faɗi wata lamba. Ya girgiza kai.

"Da kana gani ne sannan ka danna," ya ce. "Yanzu dannawa kake don ka gani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to in koma fim ke nan?"

Ya ce a'a, kuma da gaskiyarsa. A shekarar nan kamfanin AgfaPhoto ya durƙushe, mai yin takardar Agfa da muka daɗe muna wanki a kai. Farkon 2006 Konica Minolta ta sanar da barin harkar kyamara da fim gaba ɗaya. Ba mu san ba tukuna cewa Kodak za ta daina yin fim ɗinta na Kodachrome a 2009, ko za ta nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012, ita da injiniyanta Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko tun 1975. Amma ko makaho ya san inda iska ta dosa. Maigida ya karɓi kyamarar, ya juya ta, ya sa na nuna masa yadda ake ganin hoto a allo, ya daɗe yana kallo da sha'awa. Sannan ya ɗora babban yatsansa ya rufe allon, ya miƙo mini ita a haka.

A daren na shiga saitin kyamara na kashe nuna hoto bayan dannawa. Bai wadatar ba, yatsana ya riƙa neman maɓallin dubawa da kansa, sai na yanki kwali na manna a kan allon. Na ɗauko littafin aljihu. Kowace safiya kafin aiki nakan fita ni kaɗai da sharaɗin hoto 36, ba ƙari, ba gogewa, kuma kafin in kalli mitar haske sai na faɗi lambar a raina. Makon farko kusan duk na kuskure. A wajen aiki na yi wa kaina iyaka: in duba allo sau ɗaya a farko don tabbatar da haske, daga nan kwali ya koma, sai idan mun sauya wuri.

Karatun haske ya dawo cikin 'yan watanni, kamar hanyar da ciyawa ta rufe aka sake bi. Jira ya fi wuyar dawowa, domin da fim ƙarancinsa ne yake riƙe maka yatsa, yanzu kuwa kai ne za ka riƙe, kuma har yau akwai ranakun da yake suɓuce mini. Hannun ɗakin duhu kam ya tafi. Bayan shekaru na gwada naɗa fim a duhu, na yi ta lalube har ya lanƙwashe.

Bayan wata huɗu iyalin nan suka sake kirana, wannan karon ɗan Mama ne ya zo daga tafiya. Na shiga da kwalin a manne, na zaunar da ita a bakin tagar nan, na sa ido a kyamara ban ɗago ba. Hoto goma sha ɗaya na ɗauka. Dariyar ba ta dawo ba, amma a na tara ta juya tana kallon ɗanta, kuma ina nan.

Wannan hoto na tara, da duk aikin shekara biyu, suna cikin faifan kwamfuta guda ɗaya, ba ni da kwafi a ko'ina. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin safiyar da na kunna kwamfutar na ji faifan yana wata ƙara da ban taɓa ji ba.