Zaren Tsohon Buhu a Cikin Kwaɓin Siminti

Allon simintin da na fara zubawa, da hannu ɗaya na ɗaga shi, har ina murmushi. Da ya suɓuce ya faɗi, gida huɗu ya rabu kamar tsohon kasko. Na rage yashi ne na cika kwaɓin da kumfa don kada ya yi nauyi, ashe na rage masa har da juriya.

Kankare na yau da kullum yakan kai kilo 2,400 a kubik mita guda, mai kumfa kuwa yakan sauko ƙasa da 1,600. Sai dai siminti yana da hali: danne shi yadda ka ga dama zai jure, amma da an ja shi ko an lanƙwasa, ƙarfinsa wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai na wancan.

A zubi na biyu na warware tsofaffin buhunan leda, na yayyanka zaren daidai tsawon gaɓar yatsa. Garaje ya sa na antaya shi gaba ɗaya cikin jiƙaƙƙen kwaɓi, ya cure kamar gashi a bakin mataji. Dole na sake: na barbaɗa shi kaɗan-kaɗan cikin busasshen siminti da yashi, na juya sosai, sannan ruwa. Kwana 28 ina ba shi ruwa, sai na ɗora allon kan bulo biyu na hau. Na ji ƙas! Ya tsage, amma ya ƙi rabuwa. Da na duƙa, ga zarurruka sun riƙe bakin tsagar kamar ɗinki.

Masu cewa zare yana ƙara wa siminti ƙarfi sun ɗan yi zuƙu. Abin da na gani shi ne yana hana tsaga tafiya. Ba ya maye gurbin rodi, kada kowa ya yi gangancin zuba dakin, wato rufin kankare, da shi.

Kuma ba kowace shara ce ke dacewa ba. Ruwan siminti kaifi gare shi, ma'aunin kaifinsa, wato pH, ya haura 12, yana cin zaren robar gorar ruwa a hankali, alhali na buhu, wato folifurofilin, bai damu da shi ba. Zaren takarda kuwa shan ruwa gare shi, ko da yake shi masana'antu suka koma wa bayan an gano asbestos, wani zaren ma'adini da Ludwig Hatschek ɗan ƙasar Austria ya haɗa da siminti wajajen 1900, yana lalata huhu.

Allon nan mai tsaga yanzu shi ne murfin kwata a bayan ɗakina. Kullum ina taka shi.